Rijiyoyin da Baba Gafiya Ya Ɓoye

Ni ne na sa masa suna Gafiya, kuma har yau bai yafe mini ba. Sauran mutanen layinmu Baba mai rijiya suke kiransa. Ni kuwa tun ranar da na leƙa wani rami na ga ƙasa tana ta fitowa ba a ganin mai turo ta, na ce wannan ai gafiya ce, sai dai ita tana sa hula. Shi ma ya rama. Ya ce sunana Kumfa, wai sana'ata wanki, maganata kuma takan cika baho amma in ka damƙa babu komai. Katanga ɗaya ce tsakaninmu shekara goma sha tara, saboda haka in na ba da labarinsa ba ji na yi a bakin wani ba. Tarinsa ma na san shi.

Gajere ne, kafaɗa kamar ƙofar shago, idanu kullum a ƙanƙance saboda rabin rayuwarsa a cikin rami ya yi ta. Wurin kawunsa ya koyi haƙa, ya zo layinmu tun gidaje huɗu ne kawai sai ciyawa. Duk wanda ya sayi fili, kafin ya kira magini shi yake fara kira. A haka ya haƙa rijiya talatin da huɗu tsakanin layinmu da layuka biyu na bayanmu. Akwai famfo, kada a ce na yi wa hukuma sharri, kowane gida da kan famfonsa a tsakar gida. Sai dai ruwa ya fi shekara shida bai biyo ta ciki ba, gizo-gizo ne ke zaune. Abin da muke sha, da wanda ake girki, da wanda nake wanke kayan mutane da shi, duk daga ramukan Gafiya yake fitowa. In ka cire rijiyoyin nan, babu layin, babu shi.

Bai iya karatu ba. Ni ma da nake masa dariya a aji huɗu na tsaya. Amma yana da nasa littafin. Bayan ƙofar ɗakinsa ƙusoshi ne a jere, kowace ƙusa da igiya, kowace igiya rijiya guda ce. Tsakanin ƙulli da ƙulli tsawon buɗe hannuwansa ne. Inda marmara ta ƙare ya ɗaura jan tsumma, inda ya tarar da yumɓu baƙi, inda ya shiga tsakuwa ruwa ya ɓullo fari. Matarsa, wadda duk layi ke kira Gwaggo, takan ce, "Mutane riguna suke ratayewa a ɗaki, mu igiya. Baƙo ya shigo sai ya zaci awaki muke kiwo a kan gado."

Sama da layinmu, tafiyar minti goma, akwai wani ƙaton rami da aka ɗebi marmara lokacin da ake shimfiɗa titi. In damina ta cika shi, sai Gafiya ya zauna a dakalinsa yana lissafi da yatsu. "Kwana uku rijiyar mai aski za ta taso. Kwana biyar taka, Kumfa. Kwana takwas ta tela a ƙarshen layi." Kuma haka ake yi, ko kwana ɗaya ba ya kuskure. Ya ce wata siririyar hanyar tsakuwa ce ta taso daga gefen ramin na yamma, ta biyo ƙarƙashin gadajenmu. Ni nakan ce masa, "Baba, kai da ka san hanyoyin ƙasa haka, ka nemo mana inda aka binne zinariya mana." Sai ya ce in je in wanke bakina tunda sabulu bai yanke mini ba.

Abu ɗaya yake tsoro a duniya: mutum mai takarda a hannu. Da dalili. Tun kafin in tare a layin, duba-gari sun taɓa samunsa yana gama wata rijiya babu izini. Suka kwashe masa diga da dagi, suka rufe shi kwana biyu, sannan suka fito da shi ya tsaya yana kallo aka cika rijiyar da kankare. Wata biyu ya yi yana haƙa ta. Tun daga nan, in ya hango mai biro a aljihun gaba sai ya tsallaka titi. Na sha sa biro a aljihu in yi masa sallama da murya mai kauri don in ga yadda zai zabura. Lokacin abin dariya ne.

Wata ranar rani mai aski ya dawo daga cikin gari da labari, ya same mu zaune a dakalin Gafiya. Ya ce jibi wasu za su zo daga ofishin muhalli, gida-gida za su bi, kuma tambayarsu ɗaya ce: ina kuke samun ruwan sha? An ce saboda wani aikin shara ne da za a yi.

"Aikin shara," in ji Gafiya. "Me ya haɗa shara da tambayar ruwa?"

A nan na sa bakina, kuma shi ne abin da nake so a rubuta a kaina. Na ce, "Baba, ai kai ake nema. Talatin da huɗu babu takarda ko ɗaya. Na ji ma an ce motar kankare tana biye da su."

Wasa nake yi. Kowa a wurin ya san ni. Amma na ga fuskar tsohon ta canza, kuma maimakon in janye sai na ƙara gishiri, saboda mutane suna dariya. Mai aski ya ce to shi dai ba zai nuna tasa ba. Tela ya ce shi ma. Kafin la'asar magana ta zama gaskiya a layuka uku, har ni da na ƙirƙire ta na fara jin tsoro.

Kwana biyu Gafiya ya yi yana aikin da bai taɓa yi ba. Gida-gida ya bi da katako da guduma. Inda bakin rijiya ya yi tudu, ya ce a jera buhuna a kai kamar rumbu. Ta mai aski aka ɗora mata akurkin kaji. Ta tela aka shimfiɗa katako da tabarma aka aza keken ɗinki. Tawa aka kifa mata babban benci, na jera wankakkun kaya a gefe. Mata suka bi kan famfo da toka suna gogewa har yana ƙyalli. Gwaggo ta fi kowa dabara, ta ajiye baho ƙarƙashin famfonta ta jiƙa ƙasar wurin, har da tsohon soso a gefe.

Ranar da suka zo, wata matashiya ce a gaba, da riga mai ɗaukar ido da takalmin roba, abokan aikinta suna kiranta Injiniya. Ba ta yi kama da mai motar kankare ba. A kowane gida sai ta gaida manya, ta yi bayani a hankali. Ta ce za a buɗe wurin zuba sharar gari, kuma kafin a yarda da aikin dole a binciki abin da zai iya ɓatawa: iska, ƙasa, ruwa. "Don mu kare muku ruwanku muke tambaya," in ji ta. "In akwai rijiya ku faɗa mini, ko tsohuwa ce."

Muka gyaɗa kai. Kowa a ransa yana cewa ai dama haka suke faɗa. Babu wanda ya tambaye ta ina ne wurin. Mun ɗauka can bayan gari ne, inda ake kai komai.

A gidana a kan bencin nan ta zauna. Rana ta yi zafi, na kawo mata ruwa a kofi, wanda na ja da asuba daga ƙarƙashin inda take zaune. Ta shanye ta ce, "Ruwan famfonku ya fi namu daɗi."

Na ce, "Ai mu 'yan gata ne, ranki ya daɗe."

Da ta isa ƙofar Gafiya ta tambaye shi sana'arsa. Ya ce dako. Ta rubuta. Da motarsu ta tashi layi ya ɗauki shewa kamar an ci ƙwallo, aka yi ta yi wa Gafiya barka. A ranar har murmushi ya yi mini.

Wata huɗu bayan nan, da safe, sai ga shi ya shigo gidana ba sallama, ina tsakiyar cuɗa wani zanen gado.

"Ajiye wannan. Zo ka karanta mini wani abu."

Ya ja ni har bakin ramin marmara. An kafa turaku an ja waya, ga babban allo da rubutu. Na tsaya ina haɗa baƙaƙe ɗaya bayan ɗaya. Wurin zuba shara na gari. An amince bayan binciken tasiri ga muhalli. Na karanta masa sau biyu. Sai ya tafi gefen yamma ya tsuguna, ya ɗebi tsakuwa yana murzawa.

Na ce, "To Baba, ka samu maƙwabta, 'yan uwanka gafiyoyi za su yi ƙiba."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Kwana biyar taka."

Washegari ya sa rigarsa ta fita unguwa, ya kwance igiyoyin nan duka daga ƙusoshi ya cusa a buhu. Gwaggo ta tsaya a bakin ƙofa tana kallonsa.

"Malam, kai da kake tsallaka titi saboda biro, yau gidan biro za ka?"

"In sun rufe ni ki kai mini bargo."

Ya ce in raka shi saboda ni ne mai baki. Muka yi awa uku a kan benci a wani dogon baranda, shi da buhu tsakanin ƙafafu, yana ta gumi. Duk wanda ya wuce sai ya kalli buhun. Da aka kai mu wurin Injiniya ta gane shi.

"Baba mai dako, lafiya?"

"Ƙarya na yi miki, 'yata. Haƙar rijiya nake yi."

Ya zazzage buhun a tsakiyar ofis. Ya shimfiɗa igiyoyin a ƙasa ɗaya bayan ɗaya yadda gidajen suke a jere, daga na mai aski har na tela, yana kiran sunan kowane gida. Da ya gama, sai ga fararen tsummokaran sun yi layi, kowanne ya ɗan fi na gabansa nisa, suna gangarowa. Ni da na yi shekaru ina yi wa igiyoyin nan tsiya, sai ranar na ga hanyar tsakuwar da idona.

Injiniya ta taso daga kujera ta durƙusa. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta ɗauko wani littafi mai kauri kamar bulo, ta buɗe wata taswira. Layinmu yana ciki, kowane gida da ɗan shuɗin ɗigo.

"Wannan ɗigon famfo ne," in ji ta. "Na rubuta gida sittin da ɗaya, duk ruwan famfo, babu rijiya ko ɗaya. Mun huda ƙasa wuri uku a bakin ramin, duka ta gabas, inda motarmu ta iya shiga. Muka tarar da yumɓu mai kauri. Da na san akwai masu shan ruwan ƙasa a gangaren, da dole a huda ta yamma, kuma dole a shimfiɗa leda mai kauri a gindin ramin kafin a zuba ko kwali. Tunda babu, aka ce a daddaɓe yumɓun kawai ya isa."

"To ki gyara," in ji Gafiya. "Ga su nan. Talatin da huɗu."

"Baba, an ajiye littafin nan kwana ashirin da ɗaya a ƙasan benen nan don duk mai ƙorafi ya zo. An faɗa a rediyo. Babu wanda ya zo. An sa hannu, an ba da aiki." Ta juyo ta kalle ni. "Kai ne ka ba ni ruwa."

"Ni ne."

"Na rijiya ne?"

"A kanta kike zaune."

Na zaci za ta yi faɗa, da ya fi mini sauƙi. Sai kawai ta rufe littafin a hankali.

Gaskiya ta yi ƙoƙari. Ta zo ranar hutunta, muka ɗage akurki da benci da keken ɗinki, ta leƙa kowace rijiya ta ɗebi ruwa a kwalabe ta liƙa musu lamba. Gafiya yana gabanta yana nuna hanya, ba ka ce shi ne mai tsallaka titi ba. Ta rubuta takarda, duk muka dangwala yatsa. Amsar da ta dawo bayan wata biyu ita ce, an karɓi bayanin kuma za a riƙa sa ido a kan ruwan. Ta ce mana wani babba a wurinsu ya tambaye ta, mutanen da suka yi ƙarya a farko, da me za a gane yanzu gaskiya suke faɗa?

Motoci suka fara zuwa, sha biyu a rana, daga baya muka daina ƙirgawa. Ƙuda ya zo, wari ya zo, leda ta riƙa sauka a kan igiyar shanyata. Duk wannan mun iya zama da shi. Damina ta farko ta wuce ruwa lafiya lau, har mutane suka fara cewa tsoho ya tsorata mu a banza. Ni ma na ce masa, "Baba, lissafinka ya tsufa." Ya ce shara ba ta gama ruɓewa ba tukuna. Kowace safiya yakan zagaya gidaje da ɗan kofinsa, ya ja ruwa, ya sansana, ya kurɓa ya furzar, ya wuce.

A damina ta biyu, ni na fara gani kafin harshensa ya ji. Fararen riguna shida na wanke wa wani malamin makaranta, suka bushe da wani rawaya-rawaya kamar an jiƙa su a shayi. Na ƙara sabulu, kumfa ta ƙi tashi. Na kai masa ɗaya ta kan katanga. Ya karɓa ya shinshina.

"Ta mai aski fa?"

"Shekaranjiya matarsa ta ce tana ƙarni. Sun ɗauka ɓera ne ya faɗa."

Ya miƙo mini rigar ya shige ɗaki.

Cikin sati biyu yara bakwai aka kwantar da gudawa a layuka uku. Jikar tela, mai shekara biyu, kwana tara ta yi a asibiti, ta dawo kamar tsinke. Ta rayu. Amma tela, wanda shekara ashirin suna zama dakali ɗaya da Gafiya, ya tare shi a tsakiyar layi gaban mutane.

"Kai ka zo da gudumarka ka rufe mini ita. Kai ka ce in aza keke."

Gafiya ya tsaya da kofinsa a hannu. Ya ce, "Ni ne."

Na ce, "Tela, ni na fara maganar. Ni na ce motar kankare na zuwa."

"Kai wa yake jin maganarka?" in ji tela. "Shi muka ji."

Wannan ita ce gaskiyar da ta fi ci mini rai. Wasana bai isa ya rufe rijiya ko ɗaya ba. Sai da ya bi ta bakin mutumin da kowa ya yarda da shi.

Injiniya ta dawo da kwalabenta, bayan kwana goma kuma ta dawo da takarda. Ba ta shiga gidan kowa ba, a bakin layi ta tsaya ta karanta. Ruwan bai halatta a sha ba, ko a yi girki, ko a yi wa yara wanka. Za a riƙa turo motar ruwa sau biyu a mako. Rijiyoyin kuma dole a cike su duka, don kada wani ya ja a ɓoye. Wannan karon kowace ta shiga rahoto, da lambarta da zurfinta.

Ofis ya ce zai turo tifa ta juye ɓaraguzai. Gafiya ya ce a'a. Ya ce in aka juye haka, rami zai bar kogo a ciki, ruwan banza ya taso ta tsakani, wata rana ƙasa ta rufta da yaron wani. Ya ce rijiya yadda aka haƙa ta haka ake mayar da ita: tsakuwa a ƙasa, yumɓu a kai a daddaɓe shi sosai, sannan jar ƙasa. Injiniya ta ce haka ne, amma wa zai yi? Ya ce wa kuwa.

Yanzu aikinsa ke nan, yana da shekara saba'in ko kusa. Ya fara daga ta mai aski yana gangarowa. Wasu gidajen ana kawo masa kujera, wasu kuma matan gida sukan shige ɗaki har ya gama. Ni na rage wanki, don ruwan mota ba ya isar baho uku, saboda haka ni ke tura masa baro.

Makon jiya aka zo kan tawa. Kwana huɗu muka yi. Yana ciki yana daddaɓa yumɓu da guntun turmi, ni ina sauke masa ƙasa a guga. Kullum in na leƙa sai in ga ya ƙara matsowa sama. Rana ta uku na cika guga da yawa, ƙasa ta zubo masa a ka. Na jira zagi, har na shirya amsa. Ya kakkaɓe kawai ya ce, "A hankali."

Rana ta huɗu da hantsi kansa ya fito daidai da ƙasa, ya dafa ya fito ba tare da na miƙa masa hannu ba. Muka zuba sauran, ya bi da ƙafa yana tattakawa har wurin ya yi daidai da sauran tsakar gida. Ya ce kada in aza abu mai nauyi a wurin sai bayan damina, ƙasar za ta ɗan zauna, in ta zauna in kira shi ya ƙara.

Sai muka ji hon ɗin motar ruwa daga bakin layi. Gwaggo ta ɗaga murya ta kan katanga.

"Malam, bayana ya riƙe. In ba ka je ba yau ma ba mu samu."

Ya wanke hannu da ƙasa, ya shiga gida ya fito da jarka biyu. Na ce ya kawo in haɗa da nawa, ya ce kowane gida mutum ɗaya ake ba, sai an ga fuska. Muka tafi tare. Layin masu jarka ya riga ya kai ƙofar tela, muka tsaya a ƙarshe.